Sanarwar Bayan Taron Masu Haɗa Sola, Gyaran Janareta da Walda na Yankin Ruwan Gizo Kan Batun Fitar da Iskar Haidurojin Daga Ruwa a Cikin Gidaje

Ƙungiyar masu sana'ar haɗa wutar sola da gyaran janareta da walda ta yankin Ruwan Gizo, tare da wakilan rassanta na Talata Mafara da Bakura da Maradun, ta gudanar da taron musamman na yini guda a garin Ruwan Gizo da ke Ƙaramar Hukumar Talata Mafara ta Jihar Zamfara. Baya ga mambobi, taron ya samu halartar malaman kimiyya na makarantun sakandaren yankin, da wakilan manoman rani masu amfani da injin ban-ruwa, da masu shagunan cajin waya, da dattawan sana'a. An buɗe shi da addu'ar neman zaman lafiya ga jihar da ƙasa baki ɗaya.

Maƙasudin zaman shi ne duba wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a tsakanin matasa da yaran shago, inda ake zuba ruwa a roba ko kwalba, a tsoma ƙarafa biyu, a jona su da batirin mota ko faifan sola, a tara iskar da ke ɓulɓulowa da nufin dafa abinci da ita ko tayar da janareta. Mambobi da dama sun shaida wa taro cewa kwastomomi na zuwa musu da bidiyo a waya suna neman a haɗa musu "janareta mai ruwa", wasu kuma suna tambayar kuɗin akwatin da za a maƙala wa babur ko mota domin rage shan mai. Bayan sauraron bayanin malamai da muhawara mai tsawo, taro ya lura da abubuwa kamar haka.

Taro ya amince cewa buƙatar da ta tura mutane ga wannan hanya gaskiya ce, kuma babu wanda ya cancanci a yi masa dariya a kanta. Tun a 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana sayar da mai a jarka saboda matsalar tsaro, mazauna ƙauyuka suka ɗanɗana wahalar neman lita guda ta injin ban-ruwa. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin ya ninka sau da dama, wutar Nepa kuwa a garuruwa da yawa na yankin sai dai a ga turaku da wayoyi. Manomin da ke shayar da albasa ko shinkafa a fadama, da tela, da mai niƙa, da mai cajin waya, kowannensu yana kwana da lissafin mai. Wanda yake cikin wannan hali, idan aka ce masa ruwan rijiyarsa zai iya maye gurbin fetur, ba abin mamaki ba ne ya saurara.

Taro ya kuma tabbatar da cewa raba ruwa da lantarki ba siddabaru ba ne. Tun a shekarar 1800 wasu masana biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka yi shi a birnin Landan da batirin da Alessandro Volta ya ƙirƙiro a lokacin, sannan Michael Faraday ya fitar da ƙa'idojin lissafinsa a farkon shekarun 1830. Idan lantarki ya ratsa ruwa, iskar haidurojin na fitowa a jikin ƙarfe ɗaya, iskar oksijin a jikin ɗayan, kuma a kullum haidurojin na ninka oksijin sau biyu a yawa. Aikin ba ya buƙatar wuta mai ƙarfi: a lissafi bolt 1.23 ya isa, a aikace kuma kusan bolt 2 ake buƙata ga kowane gurbi guda, wato ƙarafa biyu a cikin ruwa. Duk abin da ya haura haka zafi yake komawa. Shi ya sa robar da aka jona kai tsaye da batir mai bolt 12 take ɗaukar zafi har ruwan ya soma tururi, mai kallo ya zaci iskar ce ta yawaita, alhali wutarsa ce ke salwanta.

A nan ne taro ya fi daɗewa, domin a nan ne ruɗin yake. Malaman kimiyya sun gabatar da lissafi a kan allo, mambobi kuma suka bi shi mataki-mataki da irin ma'aunin da suke aiki da shi kullum. Amfiya ɗaya da ta gudana na awa ɗaya ba ta fitar da haidurojin da ya kai rabin lita. Abin da take bayarwa kusan lita 0.42 ne. Saboda haka robar da ke jan amfiya 10 daga batir mai bolt 12 za ta ci wat 120 a cikin awa guda, ta ba da iskar haidurojin lita 4 da ɗoriya, wadda idan aka ƙona ta ƙarfin da za ta mayar bai wuce wat 13 na awa guda ba. Kusan kashi ɗaya cikin goma ke nan na abin da aka zuba. Ko da gwani ne ya jera gurabe shida domin kowanne ya ɗauki bolt 2, abin da zai samu ba zai kai abin da ya kashe ba, kuma idan ya tura iskar cikin ƙaramin janareta, wanda shi ma yake zubar da kusan kashi huɗu cikin biyar na makamashinsa ta hanyar zafi da hayaƙi, wutar da za ta dawo masa 'yar kaɗan ce ƙwarai.

Manyan masana'antu na duniya, da duk ingancin na'urorinsu, suna kashe yunit 50 zuwa 55 na lantarki, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, kafin su samu kilo ɗaya na haidurojin daga ruwa lita 9, kuma wannan kilon yunit 33 kawai yake ɗauke da shi. Ga kuma matsalar wurin ajiya. Kilo ɗaya na wannan iska, idan ba a matse ta ba, yana cika wuri mai faɗin lita dubu 11. Kafin a samu ƙarfin da ke cikin litar fetur guda, sai an tara haidurojin lita dubu 3, wato cikin duro 15. Kafin a samu kwatankwacin tukunyar gas ta girki mai kilo 12.5, sai an ƙona lantarki kusan yunit 250, abin da faifan sola mai wat 300 zai shafe fiye da wata biyar yana tarawa a ranar yankinmu, duk da ƙarfinta. Dalilin duk wannan guda ne: ruwa shi ne abin da ke saura bayan haidurojin ya riga ya ƙone, tamkar yadda toka take ga itace, kuma mai son mayar da shi baya dole ya biya fiye da abin da wutar farko ta bayar. Akwatin da ake maƙala wa mota ma bai tsira daga wannan ƙa'ida ba, domin daga batir yake jan wuta, batir daga altaneta, altaneta daga inji, inji kuma daga tankin mai.

Taro ya lura cewa wannan da'awa ta daɗe tana yawo a duniya. A ƙasar Amurka wani mai suna Stanley Meyer ya yi shekaru yana tallar motar da ya ce da ruwa take tafiya, har a 1996 wata kotu a jihar Ohio ta same shi da zamba, ta umarce shi ya mayar wa masu zuba jari biyu dala dubu 25 da ya karɓa. A gida Najeriya kuma, a wani baje kolin ƙirƙire-ƙirƙire da aka yi a Legas a 2012, wasu ɗalibai mata huɗu sun nuna janaretan da aka ce yana aiki da fitsari. Sun sha yabo kan hazaƙarsu, kuma sun cancanci yabon, amma masana sun nuna cewa na'urar tana buƙatar lantarki daga waje kafin ta raba ruwan. Taro ya bambanta waɗannan biyu: na farko mai cin kuɗin jama'a ne, na biyun yara ne masu neman sani waɗanda suke buƙatar malami da ɗakin gwaji. Yawancin matasan yankinmu da ke wannan gwaji suna cikin rukuni na biyu.

Game da haɗari, taro ya saurari bayani mai tayar da hankali. Haidurojin ba ya da wari, ba ya da launi, harshen wutarsa kuma da ƙyar ake ganinsa da rana. Yana kamawa da wuta idan yawansa a cikin iskar ɗaki ya kai kashi 4 cikin ɗari har zuwa kashi 75, alhali tururin fetur, da duk tsoron da ake yi masa, ba ya kamawa idan ya haura kashi 8. Tartsatsin makunnin fitila ko na kan batir ya ishe shi. Da yake ya fi iska rashin nauyi har sau 14, sama yake hawa ya taru a ƙarƙashin silin ko kwano, inda babu mai lura. Mafi muni shi ne irin haɗin da ake gani a bidiyo, inda haidurojin da oksijin suke taruwa a roba ɗaya: wannan gauraye ba ya buƙatar iskar waje kafin ya fashe, kuma idan aka kunna bakin tiyo wutar na iya bin cikinsa ta koma wa robar a ƙiftawar ido. Masu walda na kabaid da ke zauren sun ce sun san wannan komawar wuta sarai, sun kuma san abin da take yi wa fuska da idanu.

Akwai kuma illar abin da ake zubawa a ruwan domin ya ɗauki wuta. Wanda ya zuba gishiri yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Wanda ya zuba sodar da ake sabulu da ita yana wasa da abin da ɗigonsa ɗaya zai iya makantar da yaro. Ragowar ruwan da aka tsoma cokula ko farantan silba a ciki, wanda yakan koma ruwan ɗorawa, yana iya ɗauke da guba mai jawo ciwon daji, kuma a tsakar gida ko kusa da rijiya ake zubar da shi. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a ba su labarin abin da sarrafa abu mai guba a cikin gida yake haifarwa. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake dakawa a tsakar gida ta kashe yara kimanin 400, kuma iyayensu ba da mugun nufi suka shigo da dutsen ba. Neman halali suke yi.

Wani dattijon sana'a ya jawo hankalin taro kan abin da ya fi kusa da mambobi fiye da robar yara, wato batiran ruwa da suke haɗa wa jama'a da inbata. Irin waɗannan batira, idan suna caji, musamman idan sun cika aka ci gaba da ba su wuta, su ma ruwan cikinsu suke rabawa su saki haidurojin, kuma wannan ne dalilin da ya sa ruwansu ke raguwa. Taro ya yarda cewa ana yawan ajiye su a ɗakin kwana, ko a shagon cajin waya marar taga, ko a cikin kabad da aka rufe don tsoron ɓarayi, kuma alhakin gyara wannan yana wuyan masu sana'a kafin kowa.

Taro bai ɗauki haidurojin a matsayin abin ƙyama ba. Takin yuriya da manoman Bakalori ke zubawa a gonakinsu da haidurojin ake yin sa, wanda masana'antu irin su Dangote a Lekki da Indorama a Eleme suke cirowa daga iskar gas. A ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, masu haƙar rijiya sun ci karo da haidurojin na ƙarƙashin ƙasa a 1987, iskar ta kama da wuta daga tabar wani mutum ta ƙona shi, aka toshe ramin, sai a 2012 aka soma sarrafa ta ana ba ƙauyen lantarki. Wannan arziki ne da Allah ya ajiye a ƙasa, ba a kashe wuta wajen raba shi ba. Ƙasashe irin su Namibiya da Maroko da Saudiyya suna zuba jari mai yawa domin samar da haidurojin daga hasken rana, Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai kuma tana cikin jami'o'in Afirka ta Yamma da ke horar da ɗalibai a fannin. Taro na fatan ganin 'ya'yan Zamfara a cikinsu.

An samu saɓanin ra'ayi a kan batun hani. Wasu mambobi sun nuna fargabar cewa tsawatarwa za ta kashe wa matasa gwiwa a yankin da rashin tsaro ya riga ya raba yara da yawa da makaranta, wasu kuma suka tsaya kan cewa ran yaro guda ya fi kowace ƙirƙira. Bayan kai-komo, taro ya cimma matsaya kamar haka:

1. Ƙungiya tana sanar da jama'ar Talata Mafara da Bakura da Maradun cewa babu janareta, babu injin ban-ruwa, babu babur ko mota da ke aiki da ruwa zalla, kuma duk na'urar da aka nuna musu da wannan suna tana da batir ko wata hanyar wuta a ɓoye ko a bayyane. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kada kowa ya ba da kuɗin kafin alƙalami ko ya shiga adashin sayen irin wannan kaya.

2. An haramta wa kowane mamba haɗawa ko sayarwa ko maƙala wa kwastoma na'urar raba ruwa da sunan rage shan mai ko girki. Wanda aka samu da laifi zai mayar da kuɗin da ya karɓa, a yi masa gargaɗi a gaban reshensa, idan ya sake a dakatar da shi. Maigidan shago shi ne zai amsa laifin yaransa.

3. An haramta tara haidurojin a tukunyar gas, ko jarka, ko tsohon tub na taya, ko balan-balan, a cikin gida ko shago, kome ƙanƙantarsa. Masu walda ba za su yi wa kowa gyaran tukunya don wannan manufa ba.

4. Ƙungiya tana goyon bayan a ci gaba da yin wannan gwaji a makarantu a matsayin darasi, bisa sharaɗin malami yana tsaye, a yi amfani da ƙaramin batir da bakin fensir da ɗan bekin soda maimakon gishiri ko sodar sabulu, a tara kowace iska daban a 'yar ƙaramar kwalbar gwaji, a buɗe tagogi, a kuma sake iskar nan take bayan darasi. Yaron da ya ga da idonsa iska ɗaya ta ninka ɗaya, ya kuma auna wutar da ta shiga da hannunsa, mai talla ba zai yaudare shi ba har abada. Don haka ƙungiya tana kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a 2023, da ta sa ɗakunan gwaji na makarantun karkara cikin abubuwan da za ta fara gyarawa. Mambobi sun yi alkawarin ba makarantun yankin gudummawar wayoyi da mitar awo da ƙananan faifan sola gwargwadon hali.

5. Duk matashin da yake ganin ya ƙirƙiro wata na'ura, ƙofar ƙungiya a buɗe take gare shi, kuma za a karɓe shi da mutunci. Za a auna wutar da ke shiga da wadda ke fita a gabansa, a fili, nesa da jama'a. Ƙungiya tana roƙon Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, dukkansu a Talata Mafara, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da su ware ranakun da za su riƙa karɓar irin waɗannan matasa, ko da ba su da takardar shaidar karatu, su kuma shirya wa masu sana'a gajerun kwasa-kwasai da Hausa.

6. Daga yau babu mamban da zai ajiye batirin ruwa a ɗakin kwana ko rufaffen kabad. Dole ne a bar hanyar iska ta sama, a nesanta batir da murhu da janareta, a sa na'urar daidaita caji, a kuma yi wa mai gida bayani da bakinsa kafin a karɓi kuɗin aiki. Kowane reshe zai zagaya shagunan cajin waya na garinsa domin ba da shawara kyauta.

7. Tsofaffin batira ba za a fasa su a cikin gari ba, ba za a kuma narkar da dalmarsu a gida ba.

8. Game da maƙeran zinariya da masu ƙananan walda da suka tambayi halaccin injin walda mai aiki da ruwa da lantarki wanda kamfanoni ke ƙerawa, taro ya amince cewa kayan aiki ne sananne, kuma ana iya amfani da shi idan yana da abin tare komawar wuta, mai shi kuma ya samu horo. Amma lantarki yake ci, ba kyauta yake ba da wuta ba, kuma ba a yarda a kwaikwayi ƙirarsa da roba a shago ba.

9. Taro ya shawarci manoman rani da su kai wutar sola kai tsaye ga famfon ban-ruwa, su tara ruwan a tanki ko tafki da rana, domin wannan ce hanyar da ƙarfin rana ba ya salwanta sosai a tsakani. Ƙungiya tana kira ga Hukumar Samar da Lantarki a Karkara da gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin uku da su fito da tsarin ba ƙungiyoyin manoma famfunan sola bashi, a biya bayan girbi. Haka nan tana tunatar da Gwamnatin Tarayya da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima cewa madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978 mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, an gina ta da tashar lantarki mai ƙarfin megawat 3, kuma jama'ar da suka rasa gonakinsu da gidajensu, wasu har da rayukansu a rikicin 1980, suna da haƙƙin su ga wannan tasha tana aiki yadda aka tsara, su kuma amfana da wutarta.

10. Ƙungiya tana kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa da ta sa ido kan akwatunan rage shan mai da ake shigowa da su kasuwanni, ga hukumar kashe gobara ta jiha da ta horar da masu sana'a, ga gidajen rediyo kuma da su nemi jin ta bakin masana kafin su yayata labarin wata ƙirƙira. Tana kuma roƙon masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun, da hakimai da dagatai da limaman Juma'a, da su taimaka wajen isar da wannan saƙo ga iyaye.

11. An kafa kwamiti mai wakili daga kowane reshe, da malamin kimiyya guda da wakilin manoma guda, domin bibiyar aiwatar da waɗannan matsayoyi, kuma zai gabatar da rahotonsa a babban taro na gaba da za a yi a Bakura.

 An rufe taro da addu'a bayan sallar La'asar.

Sa hannu:

Shugaban Ƙungiya

Sakataren Ƙungiya

A madadin ɗaukacin mambobi da wakilan rassan Talata Mafara, Bakura da Maradun